Rowar Nuhu: Daga Tandabawi Zuwa Khubar

Alhamis: Makka zuwa Muwaih

Ƙarfe huɗu da minti goma na asuba Isuhu ya danna mini hon a bakin layinmu na Tandabawi. Na fito da 'yar jakata da maganin hawan jini, na tarar an bar mini kujerar baya tare da wata doguwar jaka mai kulake uku a ciki. Isuhu Basakkwace ne, direban motar ruwa a unguwar Zahir. Na kusa da shi Mansur, Bakano, mai gyaran wuta. Su biyun sun yi shekaru suna aiki a gabashin Saudiyya tare da Amurkawa, can suka kwaso ciwon wani wasa da ake kira besbol, kuma har yau ba su warke ba. Za su Khubar ne kallon gasar da tsofaffin abokan aikinsu ke yi duk shekara. Ni kuwa na ce musu ziyara za ni. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba.

Ga abin da ya fitar da ni. Rukayya 'yar yayana marigayi ce, ni ne waliyyinta. Shekararta ashirin da shida, tana ɗinkin abaya a gida. Wani Nuhu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Khubar ya fito nemanta, ita ma tana so, magana har ta yi nisa. Sai matar Mansur ta faɗa a gidan suna cewa mijinta ya ce bai taɓa ganin marowaci irin Nuhu ba. Kafin magariba zancen ya isa kunnen uwar yarinya, Hajiya Gambo, wadda ta rantse 'yarta ba za ta gidan da ake ƙirga ƙwayar shinkafa ba. Tun daga ranar keken ɗinkin Rukayya ya yi shiru. Manyan Nuhu za su zo jin amsa Juma'a ta sama, shi ya sa aka ce in je in yi bincike da idona, abin da na dawo da shi kuwa shi ne amsar.

Biyar da kwata muka yi sallar asuba a Sail. Muna komawa mota aka buɗe gardamar da ta raka mu kilomita dubu ɗaya da ɗari uku. A wasan nasu wani ne ke jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki. In ta tsallake katangar fili, wannan shi ne hom-ran, sai manya masu gemu su yi ta tsalle. To akwai gasa ta musamman ta hom-ran zalla, kuma a kanta ake rigimar. Mansur ya ce duk ɗan wasan da ya ci wannan gasa a Amurka hannunsa lalacewa yake sauran shekarar, don ya saba da ɗaga kulki sama. Isuhu ya ce camfi ne irin na tsofaffin mata. Ba wanda ya taɓa taka Amurka a cikinsu, amma ka rantse su suke yi wa 'yan wasan tausa.

Takwas saura minti goma muka tsaya a Muwaih muka karya. Wake da gurasar tanderu da shayi mai madara, riyal goma sha huɗu mu uku. Waken ya yi daɗi, sai dai an cika mai.

Muwaih zuwa Riyad

Bayan Zalim muka tarar da shingen 'yan sanda. Muka miƙa iƙama, wato katin zaman ƙasa, jami'in ya duba, sannan ya hango jakar da ke gefena ya ce a buɗe. Da ya ga kulake ya tambaya ko faɗa za mu. Isuhu ya fito daga mota ya gyara tsayuwa, ya fara yi masa bayanin wasan da Larabcinsa na kasuwa, har da gwada yadda ake riƙe kulki. Bawan Allah ya saurara minti biyu, ya dube ni da tausayi, ya maido mana katunanmu ya ce, "Halas, yalla," wato shi ke nan, ku tafi. Na yi masa hassada, shi yana da ikon korarsu.

Daga nan aka koma babban haukan, wanda suke kira fantasi. Su goma sha biyu ne suka haɗa ƙungiya a waya. Kowa ya zaɓi 'yan wasan Amurka ya ce nasa ne, in sun yi abin kirki can a ba shi maki nan. Ba ka ciyar da su, ba ka biyan su, ba su san uwarka ta haife ka ba, amma naka ne. Abin bai tsaya nan ba. Akwai matasan da ko babban fili ba su fara shiga ba, su ma ana tara su ana jiran su girma, kamar mai kiwon rago tun Muharram. Shekara talatin da ɗaya ina sayar da darduma da carbi, ban taɓa jin ana fahariya da kayan da babu shi a shago ba.

Sha biyu da rabi muka sauka Kuwai'iyya muka yi azahar da la'asar, muka ci shinkafa da rabin kaza, riyal goma sha biyar faranti. Na bari Mansur ya ƙoshi, sannan na jefa masa tambayar kamar ba komai. Na ce na ji an ce akwai wani Nuhu a ƙungiyar tasu.

Mansur ya ajiye cinyar kaza. "Baffa, kar ka tuna mini da marowacin nan. Shekara uku ina bin sa."

Na ce me ya hana shi, abinci ko taimako?

"Wani yaro ɗan Dominika, mai bugu da hagu. Na ba shi 'yan wasa biyu ya ƙi. Na ƙara na uku ya ƙi. Ya zauna a kansa kamar kaza kan ƙwai."

Na ce ya maimaita, don na ɗauka kunnena ne. Ya maimaita, har da nuno mini hoton yaron a waya. Isuhu ya sa baki ya ce ai in rowar hannu ake nufi Nuhu ba ya ciki, lokacin da aka kwantar da Mansur a asibiti shi ya riƙa kai masa abinci har ya tashi. Mansur ya ce wannan daban, shi zancen wasa yake.

Na daɗe ban ji fushi irin na ranar ba. Na tuna Rukayya zaune bakin kekenta ta haɗa tagumi, na dubi wannan ƙaton yana suɗe yatsa. Na gaya masa abin da matarsa ta faɗa a gidan suna da inda maganar ta kai. Ya ce wallahi shi bai san ana neman aure ba, a falo yake surutunsa ita kuma ta ɗauka. Na ce to ya ci gaba da surutu a falo, wata rana zai raba mutum da aikinsa saboda ɗan Dominika.

An samu shiru na kilomita arba'in cif, na duba allon hanya. Daga nan Isuhu ya ce a hankali, shi dai a ganinsa yaron bai kai 'yan wasa uku ba, aka koma gidan jiya. Uku da minti ashirin muka shiga Riyad, muka kama ɗaki mai gado uku a riyal ɗari da ashirin. Na zaɓi gadon da ya fi nisa da su.

Juma'a: Riyad zuwa Khubar

Shida da rabi muka ɗau hanya. Kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, ba abin gani sai jan rairayi da raƙuma. Sha ɗaya muka isa. Ko da yake rowar ta zama ta waya, ban zo daga Makka don in koma da shaidar waɗannan biyun ba. Bayan sallar Juma'a na zame na sami limamin masallacin unguwar su Nuhu da mai shagon ƙasan gidansu. Liman ya ce sahu na farko yake gani. Mai shago, wani Bayamane, ya ce ba ya ciniki mai tsanani kuma ba ya ɗaga murya, aibinsa ɗaya, in ya fara zancen ƙwallo sai ka rufe shago.

Uku da rabi muka je filin. Fili ne na ƙasa bayan wani sito, an ja raga an ce ita ce katanga. Mutum kamar sittin, 'yan Filifin da Indiyawa da namu, wasu da hular hana sallah. Na sami kujerar roba can baya na zauna inda Nuhu ba zai gan ni ba, don sau ɗaya ya taɓa zuwa gaishe ni amma zai gane ni.

Na ɗauka zan gan shi da kulki yana nuna ƙarfi. Ashe shi mai jefawa ne. A wannan gasa mai jefawa ba abokin hamayya ba ne, mai bugu ne ke zaɓo shi don ya riƙa miƙo masa ƙwallo a sauƙaƙe, daidai inda yake so. In ta tsallake raga a yi wa mai bugu tafi, in ba ta tsallake ba a harari mai jefawa. Na ce a raina, kai, wannan wane irin aikin wahala ne mutum zai ɗauka ba a biya shi ba.

Wanda Nuhu ke jefa wa wani ƙaton ma'aikacin sito ne, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Bugu huɗu na farko duk ya zubar. Sai ya juya kan Nuhu gaban jama'a da Larabci da Turanci, wai ya yi ƙasa, wai ya yi sama, wai ko makaho ya fi shi saiti. Mutane suna dariya. Ni da nake zaune sai da jinina ya hau. Nuhu ya sunkuya ya ɗauko wata ƙwallon a bokiti, ya goge ta a wandonsa, ya jefa. Haka aka yi ta yi kusan awa guda cikin rana. Ƙaton ya dawo hayyacinsa ya tsallakar da tara, ya ci gasar, aka ɗaga shi sama ana ihu. Nuhu ya ɗauki bokitinsa ya bi bayan raga yana tsince ƙwallaye. Can na je na same shi, a gefenmu Isuhu da Mansur sun riga sun fara gardamar ko hannun ƙaton zai lalace.

Da ya gan ni ya ajiye bokiti ya durƙusa. Bayan gaisuwa na ce ina da roƙo ɗaya, ya ba Mansur yaron nan na waya kowa ya huta.

Kansa a ƙasa ya ce, "Baffa, don Allah ka nemi wani abin. Bara waccan ya karye a hannu, kowa ya ce in sake shi, ban sake shi ba. Yanzu da ya warke ba zan bayar ba."

Na ce ko ya san yaron bai san da zamansa ba? Ya ce ya sani. Na ce to Allah ya ba su lafiya baki ɗayansu. Ya dage sai na kwana ɗakinsa, ya bar mini gado ya shimfiɗa darduma, ya sayo kifi da shinkafar da ta ishi mutum huɗu.

Asabar da Lahadi: komawa

Isuhu ya ce in jira su zaɓi 'yan wasan bana mu koma tare ranar Lahadi. Na ce na gode, kunnena ba na haya ba ne. Nuhu ya kai ni tashar jirgin ƙasa ta Dammam, awa huɗu da rabi na isa Riyad, na kwana wurin wani tsohon maƙwabcina. Lahadi ƙarfe bakwai na safe na shiga bas, ba wanda ya ce mini uffan sai mai duba tikiti. Ban taɓa jin daɗin tafiya haka ba. Ana kiran magariba muka shigo Makka.

Ban biya gida ba, na wuce Zahir wurin Hajiya Gambo. Na same ta a falo, labulen ɗakin Rukayya kuwa yana motsi ba iska. Ko ruwa ba ta bari na sha ba ta ce, "To, Alhaji, marowacin ne ko ba shi ba ne?"

Na ce marowaci ne, amma a kan abu ɗaya, kuma abin yana cikin waya. Na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga cinyar kazar Mansur har bokitin ƙwallaye. Ta tafa hannu ta yi salati, ta ce yanzu a kan wannan shirmen ta hana kanta barci? Sai kuma ta ce to wa zai ba da 'yarsa ga mai irin wannan wauta?

Na ce, "Yaya, na ga mutumin nan ya tsaya awa guda a rana wani na zazzaga masa masifa, bai tanka ba, bai kuma fasa abin da yake yi ba. Na yi ta tunanin wa zai iya zama surukinki. Ban ga na biyunsa ba."

Ta harare ni ta ce Allah ya shirye ni, tun ina yaro bakina ba shi da linzami. Ta gyara mayafi, sannan ta tambaya mutum nawa za su zo ranar Juma'a, don ta san yawan shinkafar da za ta ɗora.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Isuhu, tuƙinsa ya fi hirarsa. Mansur kuwa godiyarsa tana nan sai ranar da ya kai matarsa ta gyara zancen a inda ta ɓata shi. Ina saka takalmi a bakin ƙofa na jiyo keken ɗinkin Rukayya ya tashi, bayan kwana goma sha ɗaya.