Maidaji a Kan Ƙanƙara

Maidaji mutumin Gezawa ne, amma ya fi shekara goma sha biyar a Guangzhou. Aikinsa duba kaya. 'Yan kasuwar Kano kan ɗauke shi a mota zuwa Shiling, ya shiga masana'antar jakunkuna, ya lumshe ido ya shafa fata, ya ce wannan za ta yi ƙarko, waccan kuwa ba za ta ga sallah biyu ba. Ba shi da yawan magana. Sau da yawa a tsakiyar hira sai a ga hankalinsa ya tafi wani wuri.

'Yarsa Surayya a nan aka haife ta. Tana shekara tara makarantarsu ta kai su filin ƙanƙara da ke saman wani katafaren kanti, ta dawo ta ce ita ƙwallon gora za ta koya, irin wadda ake bugawa a kan ƙanƙara. Mahaifiyarta Ummu Salma ta yi ƙorafi har ta gaji, ƙarshe dai ta ɗinka mata ɗan hijabi mai shiga ƙarƙashin hular kwano.

Bara sandar Surayya ta karye. Wata Asabar da rana, gari ya ɗau zafi mai ɗanko, uban ya raka ta shagon da ke gefen filin. Ya tambayi mai shagon ko akwai ta itace, tsohon ya girgiza kai ya ce meyo, babu. Ya jero musu uku, baƙaƙe, marasa nauyi kamar karan dawa.

Maidaji ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora kowace a yatsa ya ga inda nauyinta ya kwanta. Ya ƙwanƙwasa ta a ƙasa ya kasa kunne. Ya dafa tsakiyarta ya lanƙwasa, ya saki, ya ji yadda take komowa. Ya zaɓi mai tauri. Surayya ta ce ita mai laushin take so, don ita ce ke bin hannunta. Mai shagon ya yi dariya ya ce ba a sanin sanda a kan siminti, ya miƙo wa Maidaji takalma masu ƙarfe a ƙasa.

Bai taɓa taka ƙanƙara ba. Ya shiga riƙe da sandar mai taurin, yana dafe da bango, kaftaninsa na kaɗawa, numfashinsa na fita fari. Wurin shiru, sai ƙarar takalman Surayya tana kewaye shi. Ta turo masa ƙwallon, wani baƙin faifan roba, a hankali.

Da ƙwallon ta taɓa bakin sandar, ya ji ta a tafin hannunsa, ta hau har kafaɗa. Nan take ya ga kansa a fadamar bayan gidansu da yamma, da gorarsa mai lanƙwasasshen kai, ana bin ƙodagon goruba, ga shanu na dawowa. Har ƙamshin ƙasar ya ji. Ya saki bangon bai sani ba, ya zame ya yi nisa, farin fili na wucewa ƙarƙashinsa kamar yana tafiya a kan gajimare. Sai ga shi zaune daɓas.

Surayya ta ɗaga shi, ta karɓi sandar ta buga, ƙwallon ta tafi a kasale. Ta sauya da mai laushin, sandar ta ɗan rusuna ta harba ƙwallon cikin raga.

"Abba, ka gani?"

"Na gani. Da hannuna na auna miki, ba da naki ba."

Sanda biyu suka koma da su gida. Ummu Salma ta dube su, ta dubi jiƙaƙƙen kaftanin, ta ce Allah ya kyauta.

Tun daga ranar, duk Lahadi da safe Maidaji yana filin, cikin wasu dattawan Sinawa masu koyo. Abokansa 'yan Kano sun yi masa tsiya har sun haƙura. Ɗaya ma ya bi shi sau ɗaya, ya tsaya a bakin fili yana rawar ɗari. Har yau in Maidaji ya zame bai iya tsayawa ba, sai ya kai bango. Surayya ta ce nan da damina zai iya.