Baƙon da ke Yashe Bakin Magudana

A bayan gonata ta auduga, kusa da garin Kamlin da ke kan tsohuwar hanyar mahajjata, akwai wata ƙaramar magudana da ke kai rarar ruwan ban-ruwa zuwa fadamar da belbelu da agwagin ruwa suke ƙyanƙyasa. Al'adarmu ita ce kowa ya yashe hanyar ruwan gonarsa, ya jibge lakar inda ba mallakar kowa ba. Bakin magudanar ba na kowa ba ne, saboda haka ya toshe, fadamar kuma tana ƙafewa alhali 'ya'yan tsuntsayen ba su isa tashi ba.

Yau da hantsi ga wani baƙo a bakin magudanar, laka har gwiwa. Dattijo ne siriri mai tsagar Gobirawa, ya ɗaure rigarsa a ƙugu. Yana sara da fartanya, yana kwasa da sakaina, ba ya ɗaga kai. Ina zaton maniyyaci ne da guzuri ya yanke masa a hanyar Makka, wanda ya baro fadama irin wannan a gida.

"Baba, wa ya sa ka wannan aikin?" na tambaye shi.

"Ba kowa, Malam. Kukan 'ya'yan tsuntsayen nan ne ya hana ni wucewa."

Ina karantar da hakkin dabba a kan ɗan Adam, kuma rabin lakar nan tawa ce. Amma ga ni tsaye, sai tattare bakin jallabiyata nake yi kada ta ɓaci.

"Malam, ɗan matsa," in ji shi a hankali. "Inda kake tsaye ruwan zai bi."