Janareton da Baba ya saya wa Tsoho

Har yau idan na gifta masu sayar da fetur a galan, warin ya doki hancina, sai in ganni a tsakar gidanmu na Batsari, cikin bazarar da aka kawo janareto.

A shekarar ne ɓarayin daji suka tayar da ƙauyenmu na wajen Wagini. Kakana, wanda muke kira Tsoho, ya baro gonarsa da rumbunansa ya dawo hannun Baba, wanda yake aikin gwamnati a cikin gari. Mutumin da ya saba da ɗakin jinka sai ga shi ƙarƙashin rufin kwano. In rana ta take, tun daga ƙofa za ka jiyo numfashinsa. Akwai fanka a ɗakin, amma wuta takan yi mako ba ta leƙo mu ba. Ni nake yi masa fifita, yana tsokanata: "Amarya, hannun nan naki ba ƙarfi, sakinki zan yi."

Baba bai yi gaggawar sayen janareton ba. Ya je Katsina ya dawo, ya sake komawa. An nuna masa babba mai shan dizal wanda zai ɗauki gidan duka, ya ce ya fi ƙarfinmu. An nuna masa ɗan ƙarami wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ya ce hayaƙinsa ya yi yawa. Ya ɗauko matsakaici, ja, mai igiya, wanda zai juya fanka ya kunna 'yan ƙwayaye.

Wuni guda suka yi da mai haɗa waya. Suka zuba siminti a can kusurwar tsakar gida, nesa da ɗakuna, suka yi masa 'yar rumfa, suka kafa makunni a bango don kada wutar gari ta dawo ta haɗu da ta inji. Baba da bakinsa ya tara mu ya ce hayaƙin nan guba ne, wajen inji sai fili. Ran nan Tsoho ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana ƙauye.

Ba a jima ba aka ɗauke wani maƙwabcinmu mai shago. Magana ta bazu cewa akwai masu kai wa ɓarayi labari, kuma suna lura da gidajen da inji ke ƙara. Baffana, ƙanen Baba, ya zo takanas daga Safana.

"Yaya, wannan ƙarar shela ce," in ji shi. "Kana gaya wa daji kana da abin fansa."

Baba ya daina kunnawa. Numfashin Tsoho ya dawo da sarƙewa, ya daina tsokanata, abinci ma sai an lallaɓa shi. Baba kan tsaya a ƙofar ɗakin ya yi ta kallonsa. A ƙarshe ya janye injin ya shigar da shi ɗakin ajiya da ke manne da na Tsoho, ya jera buhunan gero a bakin ƙofa don su shanye ƙarar, ya cusa tsummoki a ratar da ke saman bangon da ya raba ɗakunan biyu, ya bar taga a buɗe. Ya ce da rana kawai, na ɗan lokaci.

Wata ranar kasuwa ya kunna bayan Azahar, ya ce bari ya leƙa ya dawo ya kashe. Inna tana gidan gaisuwa. A kasuwa aka ce ga ɓarayi nan tafe, mutane suka watse, Baba ya maƙale a wani shago. Ni kuwa ina zaure ina wasa.

Da aka kira La'asar ban ji Tsoho ya nemi buta ba, sai na kai masa. Fanka tana juyawa. Yana kwance ta gefen dama, fuskarsa sumul. Na ce, "Tsoho, an kira salla." Na taɓa ƙafarsa, bai motsa ba. Kaina ya fara juyawa, na fito da rarrafe ina ihu. Daga baya aka ga iska ce ta rufe tagar ɗakin ajiyar.

Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa tsufa ne da zafi, kwana ya ƙare. Baba yana amsawa da amin, kansa a sunkuye. Shi da Baffa ban taɓa jin sun tayar da zancen ba.

Yanzu duk mun dawo Katsina, rufin gidaje ya cika da sola, ba ƙara ba wari. Ranar da Baba ya fara zuwa gidan aurena, ya tsaya a gaban batirin solar da ke kusurwar falo ya daɗe yana dubawa.

"Wannan yana hayaƙi?"

Na ce, "A'a Baba, ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Sai da ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ya buɗe su, sannan ya zauna.