Arzika Magini da Simintin Zauren Maɗugu

Shekara ashirin da wani abu kekena na ɗinki yana fuskantar Zauren Maɗugu a Jibiya, saboda haka in ana maganar Arzika magini, ba labari aka ba ni ba. Gajere ne, mai kaurin yatsu, ga baƙin zargi. In ka gaishe shi da fara'a da yawa sai ya tsaya yana kallonka, yana jiran ya ji abin da ka zo roƙo. Ko goro aka ba shi sai ya ɓara ya leƙa cikinsa kafin ya kai baki. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, don haka ina da bakin tsokanarsa.

Zauren kuwa kakansa ne ya gina wa Maɗugu Usman, tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka nan kafin su miƙe Maraɗi. Ƙaton soro ne na ƙasa mai rufin baka, irin wanda magina ke kira ɗaurin guga. 'Yan dako na hutawa ciki, direbobi na zama har 'yan kwastan su gama shan ƙamshinsu. Ba shi da wani asusu. Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, Arzika kan kira gayya. Mutanen ƙauyukan Kusa da Bugaje su kawo ƙasa a kan jakuna, mata su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai ƙara wa yaɓe ƙwari, 'yan kasuwa su ba da goro da geron fura, samari su shiga kwaɓi da ƙafa, shi kuma ya hau tsani ya yi yaɓe. Kwana biyu an gama.

Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, samarinmu suka watse, wasu Kaduna leburanci, wasu dakon mai ta bayan daji zuwa Nijar. Wa zai taka ƙasa don ƙoƙon fura? Arzika ya kira gayya, tsofaffi bakwai suka zo. Kafin kaka bangon gabas ya tsage, har hannu na shiga.

A nan Alhaji Rabe ya fito. Ɗan wani ɗan dako ne da ya zo daga Maraɗi, amma a lokacin yana da manyan motoci uku, yana cinikin hatsi da mai. Ya tara mutane ya ce ya ɗauki nauyin gyaran zaure kakaf, kada kowa ya sa ko kwabo. Aka yi ta shi masa albarka a fili, a bayan ido kuwa kowa da lissafinsa. Wasu suka ce sito yake nema a bakin iyaka don ɓoye durom-durom na mai. Wasu suka ce sarauta yake hange. Ni ma na ce da walakin.

Ranar da motar siminti ta iso, Arzika ya tare ta, ya tsaya gaban Alhaji.

"Alhaji, mi za a yi da wanga abu?"

"Shahe za a yi, Malam Arzika, ciki da waje. A huta da yaɓen kowace shekara."

"Ƙasa lumhwashi takai. In kun rufe mata hanci, ruwa na shiga ta sama ya rasa hanyar hita. Ka ba ni kuɗɗin rabin simintin ga in ɗauki ma'aikata, in yi mashi yaɓe da makuba yadda anka saba."

Kalmar nan ta "ka ba ni" ita ta kashe shi. Kuma gara in faɗa da bakina, ni na fara yaɗa ta. Duk wanda ya kawo mini ɗinki sai na ce masa, "Kun ji tsohon wayo? Kwangilar yake so a damƙa masa." Wasa na ɗauke ta, irin wanda muka saba. Kafin Juma'a ta zagayo duk kasuwa ta amince Arzika ƙyashi yake yi. Mai unguwa ya ce ya ja gefe. Aka ɗauko magina daga Katsina, suka shafe zaure da siminti, suka buga masa farin fenti. Wallahi ya yi kyau, har mutane na tsayawa ɗaukar hoto a gabansa.

Ba a sake kiran gayya ba, don ba abin da za a yaɓe. Arzika dai kullum da hantsi sai ya zo ya kewaye ginin, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, kunnensa a manne. Muna ta dariya. Damina ta uku ya je gidan Alhaji ya ce bangon ya fara amsawa kamar ƙwarya, a fasa simintin tun da sauran dama. Alhaji ya ɗauka yunwa ce ta kawo shi, ya sa aka bi shi da buhun gero. Arzika ya mayar da buhun a kan jakinsa.

Wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, da rana tsaka, ya zo da diga. Ya kori duk wanda ke cikin zauren, har da zagi, sa'annan ya kai wa bangon gabas sara. Jama'a suka yo kansa, ana cewa baƙin ciki ya haukata shi. Kafin a riƙe shi ɓawon siminti mai faɗin tabarma ya ɓallo, sai ga ƙasa tana zubowa daga ciki, jiƙe sharkaf kamar kunu, gara na yawo a gindin azara. Jama'a suka ja da baya. Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin ya zauna da rana, ba kowa ciki.

Alhaji Rabe ya zo ya tsaya a kan ɓaraguzai, hawaye na bin gemunsa. Ashe ba sito, ba sarauta. Ya ce a cikin zauren nan mahaifinsa ya yi shekara biyu yana kwana lokacin da ya zo ba shi da ko tabarma. Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa.

"Malam Arzika," ya ce, "hwaɗi ko nawa ne, a maida shi yadda yake."

Arzika yana tsugunne, ya tsinto tubali ɗaya na kakansa, da sawun yatsu a jiki. Ya ɗora nasa yatsun a ciki. Sa'annan ya dubi taron, samari ko'ina, kowa da agogo da rediyo.

"Kuɗɗi kana da su, Alhaji. Wa ya iya kwaɓi cikin waɗanga? Wa ya iya ɗaurin azara? Shekara ukku ba wanda ya taka ƙasa."

Duk da haka da kaka ya fara. Alhaji ya biya leburori, suka yi kwana biyu suka gudu, aikin siminti ya fi tsoka. Arzika ya ci gaba da mulmula tubali shi kaɗai yana jerawa a rana. Ban iya gini ba, amma na riƙa ɗebo masa ruwa. Bai taɓa yi mini maganar abin da na yaɗa ba, kuma ya sani sarai. Da ya zage ni ma da na fi jin daɗi.

Ya rasu da bazara, bangon bai kai ƙirji ba. Ruwan farko ya narkar da sauran tubalin, ina zaune ina kallo. Washegari na sa aka taya ni juya kekena, ya koma fuskantar tasha.