Bahago da Ƙofar Baya

In dai ka taɓa ɓatar da makulli a unguwar Kwarbai, to ka san Bahago mai gyaran kwaɗo. Shekara talatin yana sana'ar nan da ɗabi'a guda: ba ya sa wa shagon haya kwaɗo sai ya laluba bangon ciki. Ai shagunan birni daga jikin gida ake fasa su, mai gida kuwa yakan bar wa kansa 'yar ƙofa ta baya.

Ana ƙarshen mulkin soja, ɗansa Yakubu, ɗan jarida, ya gudu ya ɓuya. 'Yar Bahago, Rakiya, mai aikin kwamfuta ta ce za ta aika wa Yakubu saƙo ta intanet. Bahago ya faɗa mata komai, har garin da Yakubu zai koma ya laɓe.

Washegari hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya bi ta wurin aiki, ya ce yana tsoron kada hukuma ta ga saƙon.

"Haba Baba," in ji Rakiya, "manhajar da nake shiga intanet da ita ta kowa ce. Masana sun duba cikinta kaf."

"Kwaɗo mai kyau ke nan. A jikin me aka kafa ta?"

"A kan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta wani kamfani ce. Wannan kam su kaɗai suka san cikinta."

"Ashe shagon haya ne. Kada ki aika, 'yar nan."

"Baba, tun jiya ya tafi."

Bahago ya zuba wa kwamfutar ido. Ba wanda ya taɓa ta, amma 'yar fitilarta sai ƙiftawa take yi. A hankali ya miƙa hannu yana laluba bayanta.