Garinmu Daga Ƙasan Rijiya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabantar makarantar firamaren ƙauyenmu, a kan hanyar Tsanyawa. A littafin da nake rubuta al'amuran makarantar, jimla ɗaya tak na taɓa sokewa.

Da aka yi wa aji ɗaya sabon shafe, kwamitin iyaye ya ba wani dattijo aikin zana gona a bangonsa. Tsohon mahaƙin rijiya ne, wanda ya koma rubuta allunan shaguna bayan ƙafarsa ta samu rauni. Mun sa ran ganin kunyoyi da manomi riƙe da fartanya. Sai muka tarar da bango ja mai duhu, da da'irar sararin sama a tsakiyarsa. Karan dawa sun kewaye da'irar, zangarniyoyinsu duk sun nufi tsakiya, wasu a kife. Ga guga ya fi bukka girma, ga kan jaki babu jiki, ga fuskokin mata ƙanana kamar ƙwayar wake.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta cewa an ɓata bangon aji ɗaya da zanen mai taɓin hankali. Kwamiti ya yanke a shafe shi da farar ƙasa ranar Asabar.

Ranar Laraba wata jami'ar duba makarantu ta zo daga Kano. Ta tsaya gaban bangon har direbanta ya kashe mota.

"Malam, wa ya yi wannan? Suriyalizim ke nan fa. A jami'a muka karanta shi, salon Turawa ne na zanen abin da ido ke gani a mafarki. Ku rubuta sunan a ƙarƙashinsa, kada ku taɓa shi."

Kafin la'asar shugaban kwamiti, wanda da bakinsa ya aika a sayo farar ƙasar, yana gaya wa mutane cewa dama shi ya hango hikima a ciki. Na ji takaici, domin ko ɗigon fenti ba a ƙara wa bangon ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma da na sake dubawa, sai na ga ya yi kyau.

Muka kira dattijon domin ya rubuta sunan. Na yi masa bayanin ma'anarsa. Ya dogara da sandarsa ya saurara har na gama.

"Malam, ni ban iya zana mafarki ba. Da na farka yake guduwa. Garinku ne wannan. Shekara talatin haka nake ganinsa daga cikin rijiya, ku ne ba ku taɓa sauka ba."

Shugaban kwamiti ya gyara hularsa. "Baba, in ba na Turawan ba ne, ai mun koma maganar farko. Asabar tana nan."

Ba na rubuta abin da ban tabbatar ba, ga shi kuma na riga na yi hakan sau ɗaya. Waɗanda suka gaji dattijon a sana'ar suna haƙa sabuwar rijiya a tsakiyar wata gonar dawa, ba su kai ga ruwa ba. Washegari da hantsi na je, na tuɓe babbar riga, suka ɗaura mini igiya a ƙugu. Labari ya riga ni isa, matan unguwar sun taru.

"A riƙe da kyau," in ji wata tsohuwa, "ilimi nauyi gare shi."

Na sauka ina laluben ramukan da aka sassaƙa domin taka ƙafa. Zafi ya ragu, muryoyi suka yi nisa, ƙamshin danyar ƙasa ya cika mini hanci. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na ɗaga kai.

Sama duka ta koma faifai ɗaya mai haske. Dawa ta sunkuyo ta kowane gefe, wadda ke bayana kuwa a kife take. Jakin da ke kwashe ƙasar ya miƙo kai, jikinsa bai bayyana ba. Fuskokin matan ga su nan ƙanana a bakin da'irar. Sannan aka zuro guga, yana saukowa yana girma har ya rufe rabin sama. Na yi tasbihi a hankali, rijiyar ta maido mini da muryata. An haife ni a garin nan, na rubuta sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, amma ban san yana da wannan fuskar ba. Sai da suka girgiza igiyar sau uku kafin na tuna da hawa.

Da ƙasa a gwiwoyina na je wurin shugaban kwamiti, na shaida masa abin da na gani. Na ce duk mai son shafe bangon ya fara sauka, igiyar tana nan. Babu wanda ya nemi igiyar. Ranar Asabar bangon ofishina aka shafa wa farar ƙasar.

Na buɗe littafin, na ja layi ɗaya a kan jimlar yadda za a iya karanta kuskurena, na sa hannu a gefe. Na tambayi dattijon me zan rubuta a madadinta.

"Rubuta inda ka tsaya, Malam," in ji shi.