Tikitin Zuwa Gamzaki

Mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan wata 'yar taga a tashar Diffa, yana yanka wa matafiya Damagaram tikiti. Da ya yi ritaya ya dawo gida da hatiminsa da kuma halinsa, kuma a cikin biyun hatimin ya fi sauƙin zama da mutane.

Shekarar da kogin Komadugu ya cika ya cinye mana gonar tattasai a wajen Shetimari, ƙanena ya ce zai tafi arewa haƙar zinariya. Ya durƙusa ya nemi izini. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ƙara muryar rediyonsa. Ƙanena kuwa ya rantse ba zai taka mota ba sai da yardar tsoho, ga abokan tafiyarsa za su tashi da zarar an ci kasuwar Talata. Gida ya yi tsit, ko tuwo ba ya wucewa da daɗi.

Ana cikin haka 'ya'yana suka kunna wani fim a wayata, na mutanen da ke shiga jirgi suna yawo tsakanin taurari kamar masu leƙawa garin Gagamari nan kusa. Baba ya leƙo ta saman tabarau. Dodanni masu ido uku ba su dame shi ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yadda kowa ke faɗawa jirgin ba mai tambayarsa komai.

"Ina biyensu?" in ji shi, yana nufin tikiti. "Wa ya auna kayansu? Kai, wannan kamfani ba zai kai baɗi ba!"

Washegari muka tashi muka tarar da tebur a zaure, da kwalayen sukari an yayyanka su, da hatimi. Baba ya raba wa gidan sunaye. Madafa ta zama Rana, rumfar tsakar gida ta zama Wata, bayan gida kuwa Gamzaki, wai don da asuba ake rububinsa. Ba mai shiga ko'ina sai da tikiti, kuma kowa sai ya amsa tsohuwar tambayar tasha: "Zuwa kaɗai, ko zuwa da dawowa?"

Ni mai 'ya'ya uku, da furfura a gemu, na tsaya a layi riƙe da buta ina matse ƙafa, ana tambayata ko zan dawo daga Gamzaki. Wallahi raina ya ɓaci, amma na amsa.

Inna ce kaɗai ta gagare shi. "Malam, ni da murhuna?" ta ce, muciya a hannu. Nan take aka naɗa ta direbar Rana. Maƙwabcinmu, wani dattijo Babarbare da ya zo gaisuwa, ya karɓi nasa tikitin da hannu biyu, har ya roƙi kujerar taga saboda jiri. Akuyarmu ta cinye tikiti biyu na Wata, Baba ya yanke hukunci cewa tunda suna cikinta, tana da ikon shiga.

Mutum ɗaya ne bai samu ba. Duk sanda ƙanena ya matso teburin, Baba sai ya dubi bango ya ce, "Jirgi ya cika." Mu muna dariya, shi yana zaune a dakalin zaure kamar baƙo. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Ran Talata da hantsi, jakarsa na jingine a bayan ƙofa, Baba ya gyara murya ya kira shi yadda ake kiran fasinja. Ƙanena ya zo ya durƙusa. Baba ya ɗauko kwali mafi girma, bai sa sunan tauraro ba, ya rubuta Arewa. Bai yi masa tambayar nan ba. Ya buga hatimi a sama, ya buga a ƙasa, ya yage rabin sama, ya miƙa masa sauran.

"Wannan da ya rage na dawowa ne," ya ce. "Biyen ba ya tsufa, amma wanda ya yanka shi yana tsufa. Kar ka daɗe. Allah ya kiyaye hanya."

Tun daga ranar ba a sake tambayar kowa tikitin Gamzaki ba. Inna ta so mayar da teburin ɗaki, Baba ya hana. Ya juya shi ya fuskanci ƙofar waje, ya ce akwai sauran fasinja ɗaya da bai sauka ba.